Ƙofa Mai Hanya Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Sheffield,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Ni da dayod guda, bai fi ƙwayar shinkafa ba,
mun kwana uku muna gardama.

Na tura masa lantarki sannu-sannu,
ina ƙara bolt kamar mai sa gishiri a miyar baƙi.
Da fari ya yi kunnen uwar shegu.
Da muka doshi bakwai cikin goma na bolt
sai ya saki baki gaba ɗaya,
kwarara ta miƙe tsaye kamar an taka mata wutsiya.

Ɗigo ɗari biyu da sha huɗu na kwasa,
na juye wa manhaja, na ce: ga lissafin littafi,
ɗinka musu riga daidai wuya.
Ta ce sai na ba ta hasashen farko.
Na ba ta. Ta juya, ta sake juyawa,
ta dawo da jan layi mai santsi
da ya wuce ɗigona a bakin hanya
kamar motar da ta cika tun daga tasha.

Lambar da ake sa rai tsakanin ɗaya da biyu
ta fito uku da ɗoriya.
Na cire tabarau, na goge, na mayar.
Tana nan.

Akwai maɓalli a kusurwar dama.
Dannawa ɗaya, duk ɗigon da ya ƙi layi ya ɓace,
ba shaida sai fitilar rufi.
Yatsana ya daɗe yana shawagi a kansa
kamar shirwa bisa gidan mai kaji.

Sai ga Baba Illo a rumfarsa ta Gusau,
ƙaurin dalma, rediyoyi sun baje hanji,
mita mai allura a kan cinya.
Ya taɓa ƙafar dayod, allura ta zabura.
Ya juya waya, allura ta kwanta.
"Kin gani, Tasalla? Ƙofa ce mai hanya ɗaya.
Kuma kar ki yi musu da allura,
ita ta shiga ciki, ke kina waje."

Na janye hannu.

Da gari ya waye Mista Staniforth ya shigo
yana kakkaɓe laima, shayi a ɗaya hannun.
Ya dubi saman zanen, inda ɗigona suka rusuna,
ya ɗaga wayar awo da yatsu biyu.
"Ita ma tana cin nata kason," in ji shi.
"Kin sa ta a lissafi?"
Ban sa ba.
Kwana uku ina zargin baƙo, ɓarawon na ɗaki.

Na ƙara turjiyar waya.
Na rubuta zafin ɗakin na gaskiya, ba na littafi ba.
Na ce wa manhaja ta daina raina ƙananan awo
don manya sun fi su murya.
Layin ya sauke girman kai,
ya bi ɗigo gida-gida yana gaisuwa.
Ɗaya da rabi, da 'yar ɗoriya.
Na tamanin da uku kaɗai ya ƙi fitowa zaure.
Na bar shi inda yake, na rubuta: ban san dalili ba.

Amma Baba, ga abin da ya hana ni tashi.
Na juya waya yadda kake juyawa,
na'urar nan ta fi allurarka ido:
ba sifili ba ne.
Wani abu na tsiyaya ta baya,
kaso ɗaya cikin biliyan,
bai isa ya kunna ko ƙyaftawar fitila ba,
amma bai tsaya ba tun daren jiya.

Shekara shida da na bi ta ƙofar jirgi a Kano.

Na ɗauki hoton zanen, na tura wayar Ladiyo,
na ce ta kai maka rumfa bayan la'asar,
ta buɗa hoton da yatsu sosai,
ta nuna maka gefen hagu, can ƙasa,
inda layin ya yi kamar ya kwanta.